Daminar da Fartanyata Ta Shiga Kaset

Bana ruwa ya ɗauke mana bayan shuka, ya yi kusan mako uku ko ɗigo babu, sa'an nan ya dawo ya kwana biyar yana zuba. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san abin da ke biyo baya: haki ya taso ya tsere wa gero. Ɗana Nasiru ya goya famfon feshi, ya toshe kunnuwansa da igiyar waya, cikin kwana biyu ya bi tsakanin kunyoyin gonarmu ta bakin gari ya gama, shi kaɗai. Rana ta biyun ina zaune gindin tsamiya ina duba aikinsa, igiyar ta maƙale a reshe ta zare, sauti ya fito fili. Na ji ƙarfe ya sari jiƙaƙƙiyar ƙasa, na ji numfashin mutum, sai wata murya mai kaushi ta daka tsawa: "Na ɗaya!"

Muryata ce. Fartanyar ma tawa ce. Nasiru ya yi sauri zai kashe, na ce ya bari ta kai ƙarshe.

Zan faɗi abin daki-daki, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Gummi da Anka, lokacin da mu a ƙauyenmu na gefen Nasarawa Burkullu sai mutum ya hau tudu yake samun sabis, Allah ya yi wa Baba rasuwa da bazara. Ni ne babba, gandu ya faɗo hannuna. Gonar ce ke ci da gidan gaba ɗaya: Inna, da matata da yara, da ƙanena Sanusi. Ranar addu'ar bakwai Kawu Shehu, wan Inna da ke zaune Anka, ya ja ni gefe.

"Garba, ba ni son ƙanwata ta wahala. In kaka ta yi ba ka cika rumbu ba, ina zuwa in ɗauke ta. Ku kau kowa shi nemi inda za shi."

Na ce, "To, Kawu." Amma na san ranar da Inna ta fita daga gidan nan, gidan ya watse, kuma za a ce a hannun Garba ya watse tun shekarar farko.

Muka yi abin da ake yi. Muka share gona, muka ƙone kara, muka kai taki bisa jaki. Ruwan farko ya sauka da wata yamma, da iska mai ƙamshin ƙasa. Da safe muka fita, ina sara da sungumi, Sanusi na bi da iri yana rufewa da diddige. Gero ya tsiro ya wuce idon sawu, sai sama ta bushe. Kullum hadari ya haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin, iska ta kwashe shi ta yi wajen Gummi da shi, ta bar mu da zufa. Ƙasa ta yi taurin da in ka sara fartanya sai ta yi tsalle. Ganyen gero ya nannaɗe kamar an murza shi da hannu. Sau biyu ana fita roƙon ruwa.

Rumbu kuwa ya kai ƙasa. Inna ta koma auna dawa da ƙaramar ƙwarya. Da safe kunu tsararo, da rana kwaɗon tafasa in an samu ƙuli, bayan magariba tuwo, ranar da babu a raba hoce ɗaya, wainar dawa, wa mutum biyu. Yunwar damina daban take. Ga kore ko'ina, ba abin sa wa baki. In ka miƙe daga duƙawa sai ido ya yi duhu, sai ka dafa ƙota ka jira duniya ta daina juyawa.

Da ruwan ya tashi dawowa sai ya dawo gaba ɗaya, mako guda ba mai iya sa ƙafa a gona. Ranar da rana ta fito na je na tsaya bakin kunya. Gero ya farfaɗo, amma harkiya da ƙarangiya sun fi shi farfaɗowa. Na auna da ido. Ni da Sanusi, ko da ƙoshi, sai mun yi wata guda. Geron nan ba zai jira kwana goma ba.

Mafita ɗaya ce, gayya: a tara mazan gari su nome gonar mutum ɗaya rana ɗaya. Gayya kuwa ta mutu a garinmu tun da Tunau ya rataye gangarsa. Tunau shi ne makaɗin noman garin tun Baba na saurayi. Tsufa ya sa hannunsa rawa, ga shi lokacin ana ƙyamar kiɗa a fili, sai ya ajiye ya koma tufkar igiya. Ba ganga, samari ba su taruwa. Wasu sun tafi haƙar zinari wajen Anka, saura kowa na fama da hakinsa da yunwarsa.

Yanzu sai Sanusi. Na girme shi da shekara tara. Ya yi rani biyu a Kano yana wankin mota, ya dawo da wando mai faɗin buhun taki, da farin kambas, da hular hana-salla da yake juya bakinta baya, da wata irin waƙa da ya ce sunanta hip hop. Inna ta ce ai gambara ce ta sake riga. Ni ban ji waƙa a ciki ba. Magana ce da sauri bisa kiɗa mai dukan ƙirji, mutum na yarfa hannu kamar yana korar ƙuda. Yana da littafi da yake rubuta baitoci. Sau uku ina hana shi yi a zaure.

Ranar da na dawo daga duba gona na tara gidan, na ce kamar yadda na saba, "Na ɗaya, gobe a tashi da asuba. Na biyu, a kai fartanyoyi maƙera. Na uku..." Sai na ji Sanusi a bayan rumbu yana maimaitawa da irin muryata, yana buga cinya, yara na ƙyalƙyala dariya. Na tashi da niyyar marinsa.

"Yaya, tsaya! Wallahi ba ba'a nika yi ba. Waƙa ta! Ba ni kwana biyu in kawo maka samarin garin ga dut cikin gonar Baba."

"Da wanga haukan?"

"Da shi. Ganga sunka rasa, ni kau ina iya sa musu ganga cikin kaset."

Inna tana tsinkar tafasa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Garba, kai mi kaka da shi da yaf fi nashi?"

Ba ni da komai. Na zauna.

Ya sayar da kambas ɗin, ya hau kabu-kabu zuwa Gummi. Can akwai wani Bello mai ɗaki a bayan kasuwa, da kwamfuta da fiyano, yana ɗaukar waƙoƙin biki da ƙasidu. Washegari da la'asar Sanusi ya dawo da kaset a aljihu. Ya aro rakoda mai batir shida wurin mai shayi, ya kunna a dandali. Kafin magariba wurin ya cika, samari na tsalle, kowa na rantsuwa ranar Talata da shi za a yi.

Inna ta kankare gindin rumbu. Ta toya hoce, ta dama kunu, matar Arɗo maƙwabcinmu ta aiko da ƙwaryar nono. Abincin mako guda aka dafa rana ɗaya, don mai gayya shi ke ciyarwa, ko yana da shi ko ba shi da shi.

Mutum ashirin da uku suka zo. Aka jera bakin kunya, Sanusi ya danna. Kai! Ban taɓa ganin noma irin na wannan rabin sa'ar ba. Ƙasa na tashi sama, ana ihu, kowa na son ya kamo kiɗan, har ni. Amma kiɗan gudu yake kamar an biyo shi. Fartanya ba ta gama shiga ƙasa ba an buga na gaba. Sara ya koma sama-sama, ana aske kan haki ana barin saiwa, ana datse gero tare da shi. Kafin hantsi ya yi zafi, Ila, wanda muke kira Barde don ba a taɓa riga shi fita kunya ba, ya jefar da fartanya ya kwanta rigingine.

"Sanusi, wanga kiɗin na masu cin shinkafa da nama na! Mu da munka sha kunu awa ruwan wanki, kashe mu za ka yi?"

Aka yi dariya, amma ba wanda ya sake duƙawa da ƙarfi. Suka ci hoce, suka sha nono, suka yi godiya suka watse. Ɗan gefen da aka taɓa ma sai an sake shi. Abinci ya ƙare, kwana uku cikin goman sun tafi.

Tunau ya zo kallo, yana zaune bisa kututture da igiyarsa. Da kowa ya watse ya yafuto mu.

"Kai ɗan Kano, zo nan. Bakinka na da daɗi. Amma kuskurenka biyu."

Da na ji ya ce biyu, na matso.

"Ganga ba ta jan fartanya, fartanya ka jan ganga. Ni tun ina yaro ban taɓa kallon hannuna ba, bayan mutane nika kallo. Ba na gaba ba, ba na baya ba, na tsakiya. Wada yas sara, haka nika bugawa. In nag ga ƙugu ya yi nauyi in sassauta, su miƙe su sha iska. Shi ke nan ɗaya."

"Na biyun hwa, Baba Tunau?"

"Tun da anka kunna abin ga, sunan wa naj ji? Sanusi ya taho daga Kano, Sanusi ya hi kowa, Sanusi, Sanusi. Kai ɗai ka noman?"

"Haka aka yin ta, Baba. Kowa kainai yaka wasawa."

"Can ku yi. Nan gona ta. Mutum in yaj ji an kira shi da sunan ubanai gaban jama'a, ko cikinai wofi na sai ya hita kunya."

Sanusi ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ce in dai fartanya ce za ta ja, to da ita za a tafi. Na ɗebi rabin buhun ƙasar gonar, don ƙasar bayan kasuwa ba ta amsa sara kamar ta gona. Da asuba muka hau babur biyu zuwa Gummi, ni da buhu da fartanya, Sanusi da Tunau a ɗaya. Hanya duk taɓo, sau biyu muna sauka mu tura, a wani rafi sai da na goya Tunau muka haye.

Ɗakin Bello bai kai zaurenmu ba. An manna soso a bango, ba taga, janareto na kuka a waje, zafi kamar cikin tanda. Sanusi ya ce masa a sake ɗauka, duk kaset ɗin da ya buga ya sayar nasa ne. Ya yarda. Ni kuma na kwance bakin buhu na juye ƙasa bisa ledar ɗakin.

"Malam, lahiya? Nan sutudiyo na, ba gona ba!"

"Yau gona ta. Sauko da abin maganar ga ƙasa."

Ya dubi Sanusi, ya dubi tsoho, ya sauko da makirufo dab da ƙasa. Na tuɓe riga na duƙa. Da farko na yi ta sauri, don ban saba a zuba mini ido ina noma ba. Tunau ya tsaya bayana ya ce, "Garba, ba gonar surukinka ta ba. Yi noman gida, wanda kaka yi in ba kowa." Na rufe ido, na tuna kunyar gabas mai tsawo, na sara, na ja, na numfasa. Na sara, na ja, na numfasa. Tunau na taɓa kafaɗata da yatsa daidai kowane sara. Can ya ce, "Yawwa. Shi na."

Bello ya yanki sara huɗu a kwamfuta ya jera su layi-layi kamar kunyoyi, ya sa suna maimaita kansu. Ya ɗora wani kiɗa mai nauyi a ƙarƙashi, daidai inda ƙarfe ke shiga ƙasa. Da ya buɗe sautin tsigar jikina ta tashi. Fartanyar da na gaji da ganinta tun ina yaro, ga ta tana girgiza bango! Tunau ya ce a bar gurbi bayan kowane baiti, kiɗan ya ɗauke a bar numfashi kawai, nan ne masu noma za su miƙe ƙugu. Bello ya ce ba a yin haka. Tunau ya ce a yi. Aka yi.

Sai sunaye. Ni na ba da su, ashirin da uku, babba kafin ƙarami, kowa da sunan ubansa. Tunau na ƙara abin da aka san uban da shi: wane ya taɓa nome gona biyu rana ɗaya, wane ba ya cin abincin gayya sai ya fita kunya bakwai. Sanusi na durƙushe da littafinsa bisa gwiwa yana sassaƙa su har su zauna cikin kiɗa. Nan na fara ganin aikin yaron. Magana ce da ni zan faɗa a sanda-sanda, shi sai ya lanƙwasa ta ta faɗa daidai kan sara, ba ragi ba ƙari.

Suka yi ta gardama kan yadda za a buɗe waƙar, rana na tafiya. Raina ya ɓaci na ce, "Na ɗaya, a kashe fankar ga, tana shiga cikin sauti. Na biyu, Sanusi ka cire hular ga ka tsaya tsaye. Na uku..."

Bello ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. "Sake hwaɗi! Wallahi wagga murya ita ta waƙar. Tashi, Malam, shiga nan!"

Na ƙi. Ni magidanci ne, sahun gaba nake salla, ban zo Gummi don a ji ni cikin waƙa ba. Sanusi ya ce a hankali, "Yaya, don Inna." Na tashi na tsaya gaban makirufo, jikina duk ƙasa, na daka lambobin nan huɗu kamar yadda nake yi a tsakar gida. Ni ina kira, shi yana amsawa:

Na ɗaya! Share gona, ɗora taki bisa jaki.
Na biyu! Ruwa ya sauka, sungumi shi kama aiki.
Na uku! Duƙa ka noma, kar ka bar ma gero haki.
Na huɗu! Wanda duk yag gaji shi koma wajen Inna ɗaki!

Bello ya cika mana kaset da ita gaba da baya, waƙa ɗaya tana bin kanta, don kada a tsaya juyawa.

Mun iso gida da la'asar. Abin da ya dame ni a hanya shi ne abinci. Ba a kiran gayya sau biyu cikin mako, ballantana da rumbu wofi. Sanusi ya kunna a dandali duk da haka. Da farko ana jin saran fartanya ana kallon juna. Da ta kai kan sunaye sai wurin ya yamutse. Ila ya ji an kira shi, an kira ubansa da ya rasu, an ce shi ne ke fita kunya kafin inuwa ta motsa. Ya miƙe tsaye ya ce a mayar baya. Aka mayar. Na biyu ya ce shi ma a mayar. Mata na bayan danga suna saurare, kowace na jiran ta ji ɗanta.

Da safe kafin mu fita, sai ga ƙore na shigowa gidanmu. Uwar Ila ta aiko da hoce, wata da dafaffen wake, wata da rama, wata ɗan garin rogo a gefen zane. Inna ta tsaya tsakar gida tana karɓa.

Waɗanda suka zo sun kusa ninka na farko. Waɗanda ba a kira ba sun zo da fushi, wai sai sun nuna wa Sanusi kuskurensa. Sai ga Tunau ya fito da maratayin gangarsa na fata, ya ɗaura wa rakodar, ya rataya ta a kafaɗar da ganga ta saba zama, ya tsaya bayan sahu. Ya duba bayan mutane daga wannan gefe zuwa wancan, ya danna.

"Na ɗaya!"

Fartanyoyi suka sauka tare, ƙasa ta amsa da murya ɗaya. Sara na shiga har saiwa, haki na kifewa, gero na fitowa tsaye layi-layi a bayanmu. In kiɗan ya ɗauke kowa ya miƙe ya share zufa, in ya dawo a duƙa. Duk wanda aka zo kan sunansa sai ya yi kururuwa ya wuce na kusa da shi. Na huɗu kuwa duk gona ke amsa shi, ana nuna wanda ya rage baya. Ila na gaba yana waiwaye.

"Ina ɗan Kano? Mai waƙa, ɗakin Inna na can, an share maka!"

Sanusi na tsakiyar sahu da wandonsa mai faɗi, taɓo ya kama shi har gwiwa, tafin hannunsa ya fashe, bai tsaya ba. Na lura bayansa Tunau ke kallo.

Aka ci abinci da azahar, aka yi salla, aka koma. Wajen la'asar ƙugu ya yi nauyi, sara ya fara ja da baya, ga hadari ya haɗo gabas. Na tsorata kada kiɗan ya sake tsere mana. Ashe batir sun fara sanyi. Kaset ya rage gudu da kansa, muryata ta yi kauri kamar ta bijimi, kiɗan ya sauko daidai ƙarfin da ya rage mana. Sanusi ya yi wuf zai sa sababbi, Tunau ya buge masa hannu.

"Bar shi! Akwatin ga ya hi ka hankali."

Da wannan jan kiɗan muka shiga kunyoyin ƙarshe. Iska ta taso mai sanyi, ganyen gero na kaɗawa, ana walƙiya can wajen Bukkuyum. Ila ya fita, na fita, aka juyo aka tari na baya. Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya daidai lokacin da Sanusi ya sare hakin ƙarshe. Tunau ya cusa rakoda cikin riga. Muka tsaya cikin ruwa muna ihu kamar yara, ni da ba a taɓa jin ihuna ba.

Abin da ya biyo baya ban shirya masa ba. Bello ya buga kaset ya baza. Ranar kasuwar Bukkuyum na je sayen gishiri, tun daga bakin tasha nake jin fartanyata a rumfar mai kaset. 'Yan kabu-kabu suka ɗauka, direbobin bas na Anka da Gummi suka ɗauka, masu waya suka fara tura wa juna. Ba wanda ya raɗa wa waƙar suna, kowa dai "Na Ɗaya" yake cewa. Ƙauyuka suka riƙa aron kaset suna gayya da shi, suna amsa sunayen mutanen da ba su taɓa gani ba. Daga baya aka riƙa zuwa har gida ana roƙon Sanusi ya yi wa wani gari tasu. Wata rana muka ji ta a rediyo, Inna ta ce a ƙara murya.

Ba kowa ya so ba. Wasu dattawa suka kai magana wurin Liman cewa gidan marigayi ya koma gidan kiɗa. Ya kira mu, ya sa aka kunna masa sau biyu, yana sauraro da ido rufe. Ya ce bai ji zagi ba, bai ji batsa ba, noma ya ji. Sharaɗinsa biyu: a kashe in an kira salla, Sanusi kuma ya ja wandonsa sama. Ni abin da ya fi damuna shi ne kasuwa. Ina tafiya da mutuncina sai wani ƙato ya ɗaga hannu daga nesa, "Na ɗaya!" In haɗe fuska in wuce, na baya su amsa, "Na biyu!"

Gero ya yi. Mun ci tumu kafin kowa, yara baki duk baƙin gashi. Muka girbe, muka ɗaure, muka cika babban rumbu har wuya, ragowar dammuna aka jera bisa rufewa kafin dawa ta iso.

Kawu Shehu ya zo kamar yadda ya ce. Ya sauka daga bas, bai zauna ba ya ce a kawo tsani. Ya hau ya ɗaga murfin rumbu, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Da ya sauko ya dube ni sama da ƙasa.

"Tun daga Anka direba ka sa muna muryarka har nan. Nac ce mishi ɗan ƙanwata na, yac ce ƙarya nikai. Garba, kai da ko dariya ba ka yi?"

Inna ta fito da ƙwaryar fura ta ajiye gabansa.

"Yaya, ɗaukata kaz zo yi? To ji. Na ɗaya, sha hura. Na biyu, a ɗaura maka dame biyu ka kai ma iyali. Na uku, ka gaishe min da mutanen Anka."

Kawu ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya kwana ɗaya ya koma da gero.

Tunau bai ga damina ta uku ba. Sanusi ya yi wasu waƙoƙin, an kira shi har Gusau, amma ba wadda ta yi tafiyar wannan, shi ma ya sani. Yanzu yana can da shagonsa na gyaran rediyo da lasifika. Gonar gandun ma ta yi nisa da gari, shekarun nan na rashin tsaro ba kullum ake iya zuwa ba.

Da waƙar ta ƙare a wayar Nasiru, na nuna masa gefen tsamiya inda muka sa wake, wurin da ba a yi wa feshi. Na ɗauko fartanya biyu na ba shi ɗaya, na ce ya maido waƙar daga farko. Muka duƙa tare. Ya yi na ɗaya, ya yi na biyu, a na uku ya miƙe ya riƙe ƙugu yana huci. Muryata ta kira na huɗu, muryar Sanusi ta faɗa masa inda zai koma.

Ɗakin Inna yana nan, bana ma na sake masa yaɓe. Inna ba ta taɓa barinsa ba sai ranar da muka ɗauke ta daga cikinsa zuwa makwancinta.